Keken da Ya Ƙi Yin Ja

Likitan ya juya hannuwan Auta, ya duba tsakankanin yatsun da suka tsattsage suna fitar da ruwa, ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji ya ce ta ja numfashi. Tana ja tari ya sarƙe ta.

"Wace sana'a kike yi?"

"Zane. Ni nake yi wa littattafan yara hotuna."

"Da me kike zanen?"

Ta lissafa masa: tawadar kwalba, fenti kala-kala, da man da take wanke buroshi da shi.

"To ki rabu da su," in ji shi, yana rubuta magani.

"Har zuwa yaushe?"

"Ban ce har zuwa yaushe ba, Malama. Jikinki ya gaji da su. Yau hannu ne da tari. In kika matsa, a kwance za a kawo mana ke."

Auta ake kiran ta tun tana goye, sunan kuma ya biyo ta har gidan miji, har ga shi furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwali. Tun kafin ta haifi ɗanta, wanda yanzu yake jami'a a wani gari, take zane a kan teburin nan na bakin taga, a gidansu na haya da ke saman bene. Ba ta san wani aiki ba, ba ta kuma taɓa sha'awar sani ba.

Ta gwada dabaru. Ta sa safar roba, zufa ta taru a ciki, ƙurajen suka ninka, ga shi ba ta jin buroshin a hannunta, sai ka ce mai rubutu da muciya. Ta ɗaure hanci da ƙyalle, ta wangale tagogi, amma kafin rana ta yi tsaka tana laluben abin shaƙarta. Daga ƙarshe mijinta, bakaniken manyan motoci da kowa ke ce wa Injiniya, ya tattara kwalaben a kwali ya kai gareji ya kulle.

"Ka mayar mini da kayana," ta ce.

"Yi fushinki. Na fi son ki yi shi kina numfashi."

Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne aikin da ke hannunta. Mai maɗaba'ar da take yi wa zane ya ba ta wani littafi, labarin wata yarinya da yayanta ya bar mata kekensa ja, ta yi ta faɗuwa har ta iya. Keken yana kowane shafi. Ta riga ta gama zanen da fensir, launi kawai ya rage. Ta kira mai maɗaba'ar ta roƙi ƙarin lokaci. Ya ba ta zuwa ƙarshen damina, yana nishi kamar ana cire masa haƙori.

Wata safiya tana wanke-wanke ta ɗaga ɓawon albasar da ya kwana a jiƙe cikin farin faranti, sai ta ga ya bar tabo, rawaya mai haske, irin wadda a da sai ta sha wuya kafin ta haɗa. Ta daɗe tsaye da farantin a hannu. Ranar ta bi masu albasa a kasuwa tana roƙon ɓawo, suna zuba mata a leda suna kallon juna. Ta dafa, ta tace da tsohon ɗankwali, ta mayar kan wuta har ruwan ya kusa ƙafewa. Ta tsoma buroshi ta ja a takarda. Ta jira hannun ya fara ƙaiƙayi, shiru. Ta kai hanci ta shaƙa. Warin albasa ne kawai.

Sai dai abin ruwa ne tsululu, yana gudu a takarda yana shiga inda ba a aike shi ba. Ta narka ƙaro ta zuba, ya yi kauri ya ƙi barin buroshi. Ta ƙara ruwa, launin ya mutu. Ta ɓata takarda ta fi a ƙirga kafin ta gane ma'aunin.

Baƙi ne ya fara faranta mata. A bayan layin dogo akwai wata bagaruwa da 'ya'yanta ke zube a ƙasa ba mai kula su. Ta tsinto, ta daka, ta jiƙa, ta sami ruwa kamar shayin da ya sha dahuwa. Ɗanta ya gaya mata ta waya cewa ya karanta in aka haɗa irin wannan ruwa da na tsatsa baƙi yake komawa. Injiniya ya kawo mata tsofaffin ƙusoshi cike da gwangwani, ta jiƙa su a ruwan lemon tsami. Ranar da ta ɗiga ruwan ƙusan a kwalbar bagaruwa, sai da ta yi ihu. Baƙin ya tashi daga inda ɗigon ya faɗa, yana naɗewa kamar hadari, har kwalbar ta yi wuluk.

"Injiniya! Zo ka gani!"

Ya fito da burodi a hannu ya leƙa. "Ikon Allah. Ni kullum ina fama in wanke baƙi daga hannuna, ke kuma nemansa kike da kuɗin mota."

Murnar ba ta yi nisa ba. Bayan 'yan kwanaki ta buɗe kwalaben ta tarar da fumfuna ta yi musu hula, fara da kore, har da gashi. Duk ta zubar, ta sake daga farko. Wannan karon ta jefa kanumfari a kowace kwalba, ta jera su a firji, daga saman inda ake ajiye ƙwai har ƙasa wurin kayan miya.

Da ruwa ya zauna sosai, sai laimar kwaɗi ta fara fitowa a gindin wani kututture a bayan gidan. Auta ta lura akwai wata iri, siririya mai ruwan toka, wadda in ta kwana biyu take narkewa da kanta ta zama baƙin ruwa. Ta ce wannan ai tawada ce Allah ya dafa ya ajiye. Ta cika roba da ita, ta rufe, ta tura ƙarƙashin matakala don kada rana ta taɓa.

Ta narke kuwa. Amma warin da ta yi, ko mushen jaki albarka. Maƙwabciyarsu ta ƙasa, mai ɗinki, ta yi ta zagaye gidan tana toshe hanci, ta ɗaga tabarmi, ta jawo kabad tana neman mataccen ɓera. Da ba ta samu ba ta kira mai gidan hayar, shi kuma ya zo da mai gyaran famfo, suka fasa siminti a bakin masai suna neman inda bututu ya fashe. Auta tana dawowa daga tsince-tsincenta ta tarar da su tsaye a kan rami. Ta wuce sum-sum ta jawo robar.

Mai gyaran famfo ya ja da baya har ya taka shebur.

"Maƙwabciya," in ji mai ɗinki, "tsakaninki da Allah, mene ne wannan?"

"Tawada ce."

"Tawada. Tun shekaranjiya masu kawo mini ɗinki suke juyawa daga bakin ƙofa, ashe tawada ce."

Mai gidan hayar ya gama kallon ramin. Sannan ya ce a gaya wa Injiniya yana son ganin sa. Abin haushin, da ta gwada tawadar a takarda, ba ta ko kama ƙafar ta bagaruwa ba. Toka-toka ce, ga ta da tsaki-tsaki.

Duk da haka, kafin tsakiyar damina tana da baƙi, tana da rawaya, tana da ruwan ƙasa iri uku daga ɓawon itatuwa, da wani kore mai duhu da ta samu bisa kuskure. Ta yi wa yarinyar fata da gashi, ta yi titi da katanga da karen maƙwabta. A kowane shafi keken ne kaɗai ya rage fari fat, yana jiran ta.

Ja ya ƙi samuwa. Akwai wani fure jawur a shingen asibiti. Ta roƙi mai gadi ya bar ta ta tsinci waɗanda suka faɗo. A tukunya kamar jini. A takarda, tana kallo ya koma shunayya, da gari ya waye kuma ya zama ruwan toka, kamar keken ya shekara a juji. Ƙwallon fiya ya ba ta ruwan hoda mai sanyi, irin na rigar jarirai. 'Ya'yan wani tsiro na bakin kwalbati sun yi ja na kwana uku, suka ɓace kamar ba a taɓa shafawa ba. Ɓawon jar albasa, wanda ta fi sa wa rai, da ta zuba masa alif ɗin tace ruwa, sai ya ba ta kore. Ta zauna a ƙasan kicin tana kallon tukunyar.

"Kai ba ja ba ne?" ta ce da ɓawon. "Ba ja na gan ka ba?"

A wannan halin Yaya ta same ta. Yayarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, mai kantin yadi a babbar kasuwa, mace mai jiki da murya, wadda tun rasuwar mahaifiyarsu ta ɗauki kanta uwa. Ta hawo benen tana haki, ta zauna ba ta amsa gaisuwa sosai ba.

"Auta, me nake ji? An ce an gan ki a bakin kwalbati, tsugune, da leda."

"'Ya'yan itace nake tsinta, Yaya."

"Mutum uku suka same ni a kanti. Ɗaya har rage murya ta yi, wai ko a kai ki a duba ki." Ta miƙe ta nufi firji. "Bari in sha ruwa kafin raina ya gama ɓaci."

Ta buɗe, ta tsaya. Kwalabe ne sahu-sahu, baƙi da rawaya da wasu da ba su da suna.

"Yaya, bi a hankali," in ji Injiniya daga falo. "Ni makon jiya na dawo da ƙishi, na shanye rabin keke."

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta rufe firjin ta dawo ta kama hannun Auta ta juya shi, kamar yadda likita ya yi. Ƙurajen sun warke, amma farcen duk sun rine, ga ƙaya ta karce bayan hannun.

"Ki zo kanti. Ina neman wanda zan amince wa. Kujera ce da fanka, ki auna yadi ki yanka. Ke da kika san launi, mata za su yi ta bin ki ki zaɓa musu."

"Ina da aiki."

"Wannan ne aikin? Ki kai wannan shekarun kina yawo a juji kamar akuya?"

"Na ce ina da aiki, Yaya."

"To Allah ya ba da sa'a. In kin gaji, kin san hanya." Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ga Injiniya. "Kai kuma da kake biye mata, kai ne babban mai laifi."

Bayan tafiyarta Auta ta shiga kicin ta yi ta goge tukunyar da ba ta da datti. Abin da ya fi ci mata rai shi ne ta kasa cewa Yaya ƙarya take yi.

Injiniya ne ya kawo labarin. Ya je kasuwar katako gyaran wata babbar mota, ya dawo ya zaro wani abu daga aljihun rigar aiki ya ajiye mata a tebur. Kamar kunnen mutum yake, mai tauri kamar fata, launinsa kuwa kamar garwashi.

"A jikin wasu ruɓaɓɓun gumagumai na gani, can bayan injin yanka. Na ce wannan ya yi kama da abin da ke hana ni cin abinci a kan lokaci."

Washegari da sassafe tana can da wuƙa da buhu. Gumaguman suna jibge a cikin ciyawa, kunnuwan nan sun yi musu layi. Masu ɗaukar katako suka daina aiki suna kallo. Wani dattijo ya matso ya rage murya ya ce ko tana da na ciwon baya. Ta ce ba magani take haɗawa ba. Ya ce ya gane, ba a faɗa a gaban mutane. Ta kankare abin da za ta iya kafin mai wurin ya zo ya ce ta tashi, kada maciji ya sare ta a ce a filinsa ne.

A gida abin ya ƙi dakuwa. Taɓarya tana dira yana tsalle. Ta zuba a injin markaɗe, injin ya yi ƙara, ya yi hayaƙi, ya mutu. Sai da Injiniya ya tafi da shi gareji ya goge shi da magogin ƙarfe, ya dawo mata da gari a leda, abokan aikinsa suna ta yi masa tsiya wai ya koma ɗan koli. Ta dafa garin wuni guda. Ruwan ya yi kyau a ido. Ta ja a takarda, ta rufe ido, ta buɗe.

Ruwan lemo ne.

Ta ɗiba kaɗan ta sa toka, ya koma ruwan ƙasa. Ta ɗiba kaɗan ta sa lemon tsami, ya koɗe. Amma ta lura in ta shafa ta bari ya bushe, ta sake shafawa a kai, yana ƙara nuna. A shafawa ta huɗu ko ta biyar yakan kai wani launi kamar na bulon da aka gasa, wanda in mutum yana da kirki zai iya ce masa ja. Ta ajiye gwajin a taga mako guda, bai gudu ba. Matsalar ita ce abin da ta samu bai fi rabin ƙaramar kwalba ba.

Ta koma kasuwar katako da buhu biyu. Wurin fayau, sai ciyawar da ta kwanta.

"Gumaguman fa?"

"Ai mai gidan burodi ya kwashe jiya," in ji wani mai ɗaukar katako. "Da kin ce kina so, Hajiya, ai da an bar miki ɗaya."

Har gidan burodin ta bi. Ta tarar da hayaƙi na tashi, ma'aikacin wurin yana tura gungume na ƙarshe a wuta da ƙafa. Ta tsaya tana kallo, har ya tambaye ta ko burodi nawa za a ba ta.

Da rabin kwalbar nan ta yi kekunan duka. Tana ɗigawa kamar maganin ido, ba ta yarda ko ɗigo ya kwana a buroshi. Kekunan farkon littafin sun sha shafawa biyar, na tsakiya huɗu, na ƙarshe kuwa, inda yarinyar ta saki hannu tana gangarowa daga tudu, biyu kawai ya samu, sai da ta ɗauraye kwalbar da ruwa ta ƙarasa ƙafar baya. Da ta shimfiɗa hotunan a gado ta ja baya ta duba, sai ta ji wani abu ya kwanta mata a ƙirji. Ba ta taɓa yin aiki mai taushin wannan ba. Launukan sun san juna, kamar 'yan gida ɗaya.

Mai maɗaba'a mutum ne gajere mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ofishinsa yana bayan injina, sai an ɗaga murya ake ji. Ya jujjuya hotunan da sauri, yana lasar yatsa.

"A hankali, ranka ya daɗe, ruwa yana ɓata su."

"Sun yi kyau, sun yi kyau." Ya kai hanci. "Me ke ƙamshin kanumfari?" Bai jira amsa ba. "Amma Malama, keken nan ai ja aka ce."

"Ja ne."

"Wannan? Wannan ai tsatsa ce. Yaro zai ce keken ya tsufa."

"Ai tsoho ne. Na yayanta ne, gadonsa ta yi."

"Marubuciyar ta ce jawur. Ga shi nan a shafin farko." Ya ɗauki hoto ɗaya ya kifa a na'ura, haske ya wuce ta ƙarƙashinsa, hoton ya fito a kwamfuta. "Kada ki damu, abu mai sauƙi ne."

Ya danna keken. Ya danna wani ɗan akwati a gefe. Keken ya zama ja, jawur, irin na kwalbar lemon kanti.

Auta ta ji kamar an ɗauke ƙarar injinan.

"Kin gani? Ko minti ɗaya ba a yi ba. Bari ma in ɗan taso da sauran, sun yi sanyi da yawa." Ya ja wani abu, rawayar albasa ta koma ta motar haya, koren ya yi shar kamar roba, fuskar yarinyar ta ɗauki wani ƙyalli.

"Mayar da shi yadda yake."

"Malama, yara ne za su saya. Yaro launi yake so mai ihu."

"Ka san daga inda na samo wannan launin? Ka san abin da na..." Ta tsaya, don ta ga yana duban agogo.

"Da kin tambaye ni tun farko," ya ce da murya mai taushi, wadda ta fi zagi ciwo, "ai da na ce ki kawo shi a fari ma. Wallahi da ban bar ki kin wahala ba."

Ba ta san yadda ta iso gida ba. Ta tarar da Injiniya ya dawo cin abincin rana, ta zayyana masa komai tana tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ajiye cokali.

"To ai alhamdu lillahi. An samu jan ke nan."

Ta dube shi.

"A'a, nufina, tun da abin da ake nema..."

"Kai ma?"

"Auta, ni fa ban ce..."

Ta buɗe firji ta fara kwaso kwalabe tana jerawa a bakin wurin wanke-wanke. Ta buɗe ta koren ta tuttular. Ta tuttular da ruwan hoda. Da ta ɗauko ta baƙin, ya riƙe mata hannu.

"Wannan da ƙusoshina a ciki. Ina da haƙƙi."

Ta fizge, amma ba ta zubar ba. Ta dire kwalbar, ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole, shi kuma yana ta bin bango, bai san takamaimai laifinsa ba.

Bayan an buga littafin ta koma karɓo hotunanta. Tun daga tsallaken titi ta hango su. Mai maɗaba'a ya manna su a gilashin gaban shago don talla, inda rana ke dukan su tun daga hantsi har yamma. Rawayar ta tafi. Koren ya zama kamar ruwan wanki. Keken ma ya koɗe, ya koma kamar tabon shayi. Baƙin bagaruwa ne kaɗai ya tsaya daram, har ya fi da duhu.

Ta shiga ta fara ɓamɓaro su da kanta. Ya fito yana murza hannu.

"Ai mutane suna ta tsayawa kallo, shi ya sa. Ban san ba sa son rana ba." Ya miƙo mata littafin, sabo, yana ƙyalli. "Ga naki. Yana tafiya sosai, makarantu biyu sun ce a kai musu. Marubuciyar ma ta ce a gaishe ki, wai keken ya fito yadda ta gan shi a ranta."

Auta ta karɓa ba ta buɗe ba.

"Zauna mana, Malama, akwai magana. Baƙin nan naki, ban taɓa ganin wanda na'ura ke ɗauka tsaf kamarsa ba. Ga shawara: ki riƙa yi mini zanen da baƙi kawai, launi ki bar mini. Kin huta da yawon daji, ni na huta da jira. Akwai littattafai uku a ƙasa."

Ta so ta ce masa ya riƙe littattafansa. Maganar har ta zo bakinta. Sai ta tuna kujera da fanka a kantin Yaya, da almakashi, da mata suna ce mata wanne ya fi dacewa da fatarsu.

"Da sharaɗi," ta ce. "Ranar sa launi ina nan zaune kusa da kai. Ba ka danna komai sai na ce."

"Haba Malama, ai sai mu kwana a nan."

"Mu kwana."

Ya sauke tabarau na goshi ya ɗora a kan na ido, ya gane, ya cire. "To. Amma in na ce ja, ja ne."

"In na ce ya isa, ya isa."

"Allah ya ba ni haƙuri."

"Amin, ni ma. Na farkon labarin mene ne?"

Ya duba takardun gabansa kamar bai sani ba. "Motar kashe gobara."

Ta fito da hotunan a hammata da littafin a hannu. An ɗan yi yayyafi, titi ya jiƙe. Ta ƙi hawa mota, ta bi ta bayan tashar don ta huce kafin ta isa gida, tana tafe tana rantsuwa a ranta cewa ta gama: baƙi kawai, bagaruwa da ƙusa, ba ita ba sauran tsugunno a gaban jama'a.

A kwanar masu walda akwai wani tsohon turken wuta na katako da aka tuge aka yar a gefen hanya. Ta wuce shi. Ta yi taku kaɗan ta tsaya. A ƙasansa, wajen da ke taɓa laka, wasu ƙananan kunnuwa ne guda uku ko huɗu, ba irin na kasuwar katako ba, sun fi su duhu, kamar hanta.

Ta yi tsaki mai ƙarfi, har wani mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa. Ba ta da leda, ba ta da wuƙa. Ta duba hagu, ta duba dama, ko akwai wanda ya san Yaya. Sannan ta tattare zani ta tsuguna, ta ɓamɓare su da makullin gida, ta yage shafin tsakiyar sabon littafin ta ƙunshe su a ciki.

"Hajiya," in ji mai waldan, "na mene ne?"

"Na ciwon kai ne," ta ce, ta miƙe. "Kawo shi yake yi."